Tsiron da Ba Shi da Saiwa

A farkon watan Nuwamba, ina cikin darasin yadda ganye yake haɗa abincinsa da hasken rana, sai wata ɗaliba da ke zaune a bencin baya ta ɗaga hannu. Ta ce, “Mushe, tabkin bayan unguwarmu, da ruwan sama ya ɗauke, ba ya yin mako biyu sai ya koma kore shar. To teku da ya fi shi ruwa, ga rana tana dukansa tun safe har faɗuwarta, me ya sa duk hotonsa da muke gani shuɗi ne?” Na ba ta amsa a gurguje saboda lokaci ya ƙure, amma ko ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba, domin tambayar ta fi ƙarfin minti biyar. Tun daga ranar nake juya ta a raina, har na ga gara in zauna in rubuta amsar da ta dace da ita, kuma in rubuta da Hausa, don iyayen ɗalibaina a nan Yamai ma su samu su karanta.

Koren da ta gani a tabki taron halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya ganin ɗayansu sai da mikroskop. Mu mun saba haɗa su da gansakuka mu kira su da suna ɗaya, masana kuwa suna ce musu fitoplankton. Wani Bajamushe mai suna Victor Hensen ne ya raɗa kalmar plankton a shekarar 1887, daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da ke gararamba, saboda halittun ba su da ƙarfin yin gaba da igiyar ruwa, duk inda ta nufa can suke nufa. Kowane ɗayansu ƙwayar halitta guda ce tak, mai ɗauke da kulorofil, wato koren sinadarin nan da ke cikin ganye. Idan aka tara su duka aka auna, ba su kai kashi 1 cikin 100 na nauyin tsirran duniya ba, amma kusan rabin aikin haɗa abinci da hasken rana da ake yi a doron duniya su ke yin sa. Abin da ya ba su wannan dama shi ne saurin haihuwa da saurin mutuwa: itacen kuka yana iya yin ɗaruruwan shekaru a tsaye, su kuwa cikin kimanin mako guda waɗanda ke cikin teku sun shuɗe, wasu sun maye gurbinsu.

Ni ɗan Adar ne, kuma a gonar mahaifina, can wajen Tahoua, akwai wani babban gawo wanda hatsin da ke ƙarƙashinsa kullum ya fi na sauran gonar tsayi da kauri. Ban fahimci matsalar tsirran teku da kyau ba sai da na tuna da wannan gawon. Kowane tsiro yana bukatar abu biyu da ba wuri ɗaya suke ba, haske yana sama, taki yana ƙasa. Gawo ya warware wannan da jikinsa: ya tura saiwa can cikin ƙasa tana jawo ruwa da abinci, ya shimfiɗa rassa a sama suna shan rana, gangar jikinsa kuma ta zama hanya tsakanin biyun. Fitoplankton ba shi da saiwa, ba shi da reshe. Dole haske da taki su same shi a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba zai yi girma ba. A tabkin bayan unguwa wannan abu ne mai sauƙi, domin zurfinsa bai wuce ƙirjin mutum ba, rana tana kaiwa har gindinsa, ga kashin dabbobi da ruwan kwata suna kwarara cikinsa. Matsakaicin zurfin teku kuwa ya kai wajen mita 3,700, kuma a cikin wannan tazara haske da taki sun raba gari.

Bari in fara da hasken, tunda shi na taɓa aunawa da hannuna. A watan Satumba, kafin a koma makaranta, na ɗauki farin murfin kwanon sha, na huda tsakiyarsa, na zura igiya na ɗaura masa guntun ƙarfe daga ƙasa don ya nutse, na gangara bakin Kogin Isa ƙasa da Gadar Kennedy. Na sami wani dattijo masunci, ɗan asalin Gaya, yana gyaran koma, na gaishe shi na ce, “Baba, ko za ka taimaka ka kai ni tsakiyar ruwa? Wani ɗan awo nake so in yi.” Ya dubi murfin, ya dube ni, ya ce in shigo. Da muka kai tsakiya na fara sakin igiyar a hankali, ina kallon farin murfin yana komawa ruwan ƙasa, yana dushewa, kuma kafin igiyar ta shige tsawon kamu guda ya ɓace ɓat. Dattijon ya ce, “Malam, ai jan ruwa ne yanzu. Ka bari sai ruwan Mali ya iso da sanyi ka dawo, za ka ga abinka ya fi haka nisa.” Gaskiya ya faɗa, kuma ya faɗe ta daidai da yadda take a littafi. A watannin Agusta da Satumba rafukan Sirba da Dargol da Goruwal ne ke zubo wa kogin jar laka, sai ya yi jawur, babban ruwan da ke tasowa daga tsaunukan Gini kuwa yakan tace lakarsa a fadamun Mali, ya iso Yamai wajen Disamba da Janairu ya fi haske.

Wannan murfin kwano nawa kwaikwayo ne na wani tsohon ma'auni. A shekarar 1865 wani limamin Kirista ɗan Italiya, masanin taurari, mai suna Angelo Secchi, ya riƙa zura farin faifai cikin Bahar Rum yana rubuta zurfin da yake ɓacewa, kuma har yau masu binciken teku suna aiki da faifan, faɗinsa santimita 30, da sunan mutumin. A 1986 an hango irin wannan faifai a zurfin kusan mita 80 a Tekun Weddell, kusa da Antaktika. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ninka zurfin ɓacewar faifan kusan sau uku, sai a sami iyakar inda haske yake isar tsiro.

Haske ba ya raguwa a ruwa da mudu ɗaya-ɗaya kamar hatsi a rumbu. Kowane mataki na zurfi yana cinye wani kaso ne na abin da ya rage. A ce akwai ruwan da kowace mita 10 take rage rabin hasken: a mita 10 saura rabi, a mita 20 saura rubu'i, a mita 30 saura sumuni, kafin a kai mita 70 abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A nan ne masana suka ja layi, suka ce daga fuskar ruwa zuwa inda kashi 1 cikin 100 ya rage shi ne sashen haske. A teku mafi tsabta sashen yana kaiwa mita 150 zuwa 200, a bakin gaɓa mai laka kuwa wani lokaci mitoci kaɗan ne. Daga mita 200 zuwa 1,000 sai wani ɗan dishi-dishi irin na bayan magariba, wanda ya isa wasu kifaye su gani amma bai isa tsiro ya rayu ba, daga nan kuma duhu ne baƙi ƙirin har ƙasa. Launuka ma ba tare suke ɓacewa ba. Ja ne ke fara tafiya tun cikin mitoci na farko, shi ya sa mai nutso idan ya yanke a zurfi yake ganin jininsa ya yi duhu-duhu kamar kore, sai rawaya ta bi, sai kore, shuɗi ne ke kaiwa can ƙasa. Ruwan da babu komai a cikinsa shuɗi yake mayar wa ido. Kulorofil kuwa yana shanye shuɗi da ja ya bar kore. Saboda haka shuɗin nan mai kyau da ɗalibata ta gani a hoto, a wurin masanin teku alamar fako ce, irin yadda matafiyi yake gane Tenere da launin rairayinta.

Sai batun taki. Abin da tsirran teku suke nema bai bambanta da abin da ke rubuce a jikin buhun takin zamani ba: azot, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira naitirojin, da fosfor. Wasunsu, da ake kira diyatom, suna ƙara neman silika, domin da ita suke gina wa kansu wani ɗan ƙoƙo mai murfi kamar na gilashi. Dukansu kuma suna bukatar ɗan ƙanƙanin sinadarin ƙarfe. Wani Ba'amurke, Alfred Redfield, ya lura tun 1934 cewa rabon azot da fosfor a jikin plankton kusan ɗaya yake da rabonsu a ruwan zurfin teku, kuma awon da ake jingina wa sunansa shi ne ƙwayar kabon 106, azot 16, fosfor 1, kabon kuwa shi ne sinadarin da tsiro ke zuƙowa daga iska ya gina jikinsa. Ma'anar wannan a aikace duk manomi ya san ta: idan abu ɗaya ya ƙare, yalwar sauran ba ta hana shuka tsayawa.

Abin da ke sa taki ya ƙare a sama shi ne su tsirran da kansu. Suna shanye shi, ƙananan dabbobin ruwa su cinye su, sannan gawarwaki da kashi su dunƙule su riƙa gangarowa ƙasa a hankali kamar farin gari da aka watsa a ruwa. A kan hanya ƙwayoyin bakteriya suna ruɓar da su, takin da ke jikinsu ya koma cikin ruwa, amma a zurfin da babu haske, inda babu tsiron da zai amfana. Abin da ke kaiwa har gindin teku ɗan kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa idan aka zura kwalaben awo daga jirgi a tsakiyar tekun ƙasashe masu zafi, ruwan sama-sama ana samunsa kusan babu azot sam, daga nan adadin ya riƙa hawa har wajen zurfin mita 1,000. A gona ganyen gawo yana faɗuwa ne a gindin hatsi, taki ya dawo inda ake bukatarsa. A teku duk abin da ya mutu ficewa yake yi daga gonar, ya faɗa rumbun da ke ƙarƙashinta. Wannan zubar tana da wani amfani babba, domin tare da takin har da kabon da tsirran suka zuƙo daga iska yake nutsewa, kuma ruwan can ƙasa yakan yi ɗaruruwan shekaru, har zuwa dubu, kafin ya sake ganin rana.

Mai karatu zai ce, to ai ruwa ne, me ya hana na ƙasa ya gauraya da na sama? Wannan ita ce tambayar da na fi son a yi mini, kuma saboda ita na shiga aji da babbar kwalba mai faɗin baki, da ƙanƙara, da zoɓo. Na cika rabin kwalbar da ruwan ƙanƙara, na ɗumama zoɓon, na riƙa zuba shi sannu a kan bayan cokali. A karon farko jan ya nutse kai tsaye ya kwanta a gindi, domin zoɓon da na sayo na sayarwa ne, an zuba masa sukari, sukari kuma ya ƙara masa nauyi fiye da abin da ɗumi ya rage masa. Wannan ya ba ni damar nuna musu cewa gishiri ma haka yake yi a teku, ruwan da ya fi gishiri ya fi nauyi. Washegari na dafo zoɓon a gida ba sukari, muka sake. Jan ruwan ya zauna a sama, farin ya zauna a ƙasa, layin da ke tsakaninsu kamar an ja shi da zare, ajin ya yi tsit. Na sa wani yaro ya ɗauki kwali yana yi wa bakin kwalbar fifita da ƙarfi. Saman ya yi ta motsi, amma layin bai gushe ba.

Haka tekun ƙasashe masu zafi yake shekara da shekaru. Rana tana ɗumama ruwan saman teku ya wuce digiri 25, ruwan da ke ƙasa da mita 1,000 kuwa bai wuce digiri 4 ko 5 ba ko da a yankin da rana ta fi zafi a duniya ne. Mai ɗumi ya fi sauƙi, sai ya kwanta a kan mai sanyi kamar mai a kan miya, kuma tsakaninsu akwai wani tsiri inda zafi yake faɗuwa da sauri, wanda ya zama shinge. Iska tana iya dama abin da ke saman shingen, amma ba ta iya keta shi. To ashe ranar da ke ba tsiron haske ita ce kuma ke kulle masa rumbun abinci. A ganina wannan shi ne ginshiƙin maganar duka, kuma shi ne abin da littattafan makaranta suka fi tsallakewa.

Idan sama akwai haske babu taki, ƙasa akwai taki babu haske, sai a nemi tsirran a tsakani, kuma can ɗin ake samunsu. A faffaɗan tsakiyar Atlantika da Fasifik, idan aka zura na'urar auna kulorofil, ba a fuskar ruwa take nuna mafi yawa ba. Takan nuna kaɗan a sama, ta riƙa ƙaruwa, ta kai ƙololuwa a wajen mita 100 ko fiye, sannan ta faɗi. A wannan zurfi hasken ya kusa ƙarewa amma da saura, takin da ke tsattsafowa ta cikin shinge kuma nan yake fara isowa, sai mazauna wurin su tare shi kafin ya haura. A ruwan da ya fi taki wannan tsiri yakan matso sama, zuwa mita 30 ko 50, domin yawan tsirran da kansa yana yi wa na ƙasa inuwa. Sai dai a yi hattara da abu ɗaya: yawan kulorofil ba kullum yake nufin yawan tsiro ba. Ƙwayar da ke zaune a dishi-dishi takan ƙara wa kanta kulorofil ninki da yawa don ta kama ɗan hasken da ke iso ta, kamar yadda ganyen mangwaron da ke cikin inuwa ya fi na waje duhun kore. A fuskar ruwa kuwa, da tsakar rana, hasken yakan yi yawa har ya lahanta su.

Kowane iri da dabararsa. Wasu masu ƴar wutsiya, musamman a ruwan gaɓa, sukan hau sama da rana su sha haske, da dare su gangara mitoci da dama su ɗebo taki, ci-rani na kwana ɗaya. Wani mai suna Trichodesmium ya koyi jawo azot daga iskar da ta narke a ruwa, irin aikin da bakteriyar saiwar wake da gyaɗa take yi a gonakinmu. Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Prochlorococcus, wanda faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Saboda ƙanƙantarsa ba a san da shi ba sai a 1988, lokacin da Sallie Chisholm da abokan aikinta suka ba da rahotonsa, alhali a cikin mililita guda na ruwan teku mai ɗumi ana iya samun ƙwayarsa 100,000, kuma shi ne mafi yawa cikin duk halittun duniya masu haɗa abinci da haske. Ƙanƙantar ita ce jarinsa, domin ƙaramin jiki yana wadatuwa da ɗan takin da babba ba zai rayu a kansa ba. Danginsa kuma sun raba zurfin a tsakaninsu, akwai masu jure rana a sama, akwai masu zaman inuwa har wajen mita 150 da ɗoriya.

A tekun ƙasashe masu sanyi lamarin yana bin lokutan shekara. Da hunturunsu ruwan saman teku yana hucewa ya yi nauyi, guguwa ta dama shi har ɗaruruwan mitoci, taki ya hau, amma damawar tana jan tsirran zuwa duhu fiye da yadda take barinsu a haske. Da rana ta dawo, saman ya ɗan ɗumama ya daina nutsewa, sai tsirran su sami kansu riƙe a cikin haske ga taki a wadace, arewacin Atlantika ya yi kore cikin ƴan makonni. Harald Sverdrup ɗan Norway ne ya tsara lissafin wannan a 1953.

Mu abin da ya fi kusa da tukunyarmu yana gaɓar yammacin Afirka ne. A bakin tekun Maroko da Muritaniya da Senegal iska tana kaɗawa daga arewa tana bin gaɓa, kuma saboda juyawar duniya ruwan saman teku ba ya bin iskar kai tsaye, yana karkata ya nufi tsakiyar teku. Wani ɗan Suwidin, Vagn Walfrid Ekman, ya bayyana dalilin wannan karkata a 1905. Idan ruwan saman ya janye daga gaɓa dole wani ya cike gurbinsa, sai mai sanyi ya taso daga zurfin mita 100 zuwa 300 ɗauke da takinsa, ya fito cikin ranar Sahara. A nan iska ta yi wa teku aikin saiwar gawo. Diyatom su yi ta ninkuwa, ƙananan dabbobi su ci, kifin sardin ya ci, ruwan ya yi kore ya yi sanyi, ga hamada tsirara a gefensa. A wajen Nuwadibu wannan tasowar ruwa kusan duk shekara ake yinta, a Senegal kuwa da lokacin sanyi da bazara. Irin wannan wuri manya guda huɗu ne a duniya, da wannan, da na Namibiya, da na Peru, da na Kaliforniya, kuma duk da cewa faɗinsu ɗan tsiri ne a taswirar teku, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kifin da ake kamawa a tekunan duniya daga cikinsu yake fitowa. Gwangwanin sardin da mai shago yake miƙo maka da burodi, in ka juya bayansa sau da yawa za ka ga daga Maroko yake. Gaɓar Ghana da Kodebuwa ma tana samun nata rabon daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da masuntan can suke cika jiragensu. Ranar da wannan hanya ta toshe kuwa ana ji a jika: a 1972 ruwan ɗumin da kan mamaye gabashin Fasifik lokaci-lokaci, wanda ake kira El Niño, ya lulluɓe gaɓar Peru ya danne mai sanyi, ga kamun da ya riga ya wuce kima, sai sana'ar kifin ancobi, wadda ta fi kowace girma a duniya a lokacin, ta durƙushe.

Akwai kuma wuraren da suka daɗe suna ɗaure wa masana kai, wato tekun da ya kewaye Antaktika, da tsakiyar Fasifik ta gabas, da arewacinsa. A can azot da fosfor suna nan a sama a wadace, haske yana nan a lokacinsa, amma tsiron bai taka kara ya karya ba. John Martin, wani masani a Kaliforniya, ya dage cewa ƙarfe ne babu. Ya rasu a 1993, ƴan watanni kafin abokan aikinsa su zuba narkakken ƙarfe a wani yanki na teku kusa da tsibiran Galapagos, kuma da aka maimaita gwajin a 1995 ruwan ya juye kore cikin kwanaki. Daga nan wasu suka fara cewa a riƙa zuba wa teku ƙarfe don ya shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ni ban yarda da wannan shawara ba. A yawancin gwaje-gwajen tsiron ya fito, amma kabon da ya nutse ya zauna a ƙasa bai kai yadda aka yi fata ba, kuma takin da aka sa tsiro ya cinye a wuri ɗaya an hana shi ne isa wani wurin da wasu masunta suke jira.

Dalilin da ya sa waɗancan tekuna suke yunwar ƙarfe shi ne nisansu da hamada, kuma a nan ne maganar ta zagayo ƙofar gidanmu. Ƙurar hunturu da ke shige mana ido, ta sa yara tari, ta rufe rana har a iya kallonta da tsakar rana, tana ɗauke da ƙarfe da fosfor, kuma ba a kanmu take ƙarewa ba. Wani bincike da aka yi da tauraron ɗan'adam na hukumar NASA, aka wallafa a 2015, ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura suke barin gaɓar yammacin Sahara a kowace shekara, kusan tan miliyan 28 daga ciki suna sauka a dajin Amazon, mai yawa kuma tana zuba cikin Atlantika a kan hanya. Trichodesmium ɗin nan mai jawo azot daga iska yana bukatar ƙarfe fiye da sauran, shi ya sa ya yawaita a ɓangaren Atlantika da ƙurarmu take ratsawa. Wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda iska take matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfi. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce kwarin gindin wani ƙaton tafki ne wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne, kuma farar ƙasar da iska take kwasa a can ƙoƙunan diyatom ne da suka rayu a ruwan, suka mutu suka taru. Tun a ƙarni na 19 Charles Darwin, wanda jirginsa ya tsaya a tsibiran Kap Bar a Janairun 1832, ya aika wa masani Ehrenberg ƙurar da ta sauka a kan jiragen ruwa a wannan yanki, shi kuma ya sami ɓawon ƙananan halittun ruwan daɗi a cikinta. Ko ƙasar Adar da na tashi a cikinta ta taɓa zama gindin teku miliyoyin shekaru da suka wuce, farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza da fosfat ɗin Tahoua duk abin da wancan ruwa ya bari ne.

Abin da ke damuna a yanzu shi ne shingen nan na cikin kwalba. Teku ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da duniya ta tara a shekarun nan, kuma saman ne ya fi ɗumama, saboda haka bambancin nauyi tsakanin ruwan sama da na ƙasa yana ƙaruwa. Awon da aka yi tun daga 1970 ya nuna haka. Idan shinge ya ƙara ƙarfi takin da ke haurowa zai ragu a tekun ƙasashe masu zafi, ƙananan iri irin su Prochlorococcus su ƙara samun fili, manyan diyatom da ke ciyar da kifi su ja baya. Bin diddigin wannan yana da wuya, domin tauraron ɗan'adam, tun daga na farko da aka harba don duba launin teku a 1978, saman ruwa kawai yake gani, tsirin nan na mita 100 a ɓoye yake gare shi. Abin da ke taimakawa shi ne an watsa na'urori masu iyo kusan 4,000 na shirin Argo, waɗanda ke nutsewa zuwa mita 2,000 su taso duk kwana goma suna aiko da awo, kuma an ɗaura wa wasunsu ma'aunin kulorofil da na azot.

Hunturu ya fara shigowa Yamai a makon nan, da safe tsallaken kogi ba ya ganuwa sosai daga kan gada. Na ba ɗalibar nan da ƙawayenta biyu faranti mai tsabta, na ce su ɗora a kan rufin ɗaki inda kaji ba sa kaiwa, su bar shi kwana uku, su kawo mini abin da ya taru mu ɗiga masa ruwa mu duba a mikroskop ɗin makaranta ko za mu dace da ɓallin ƙoƙon diyatom. Murfin kwanona kuma yana rataye a bayan ƙofa da igiyarsa, na yi wa igiyar ƙulli a kowace santimita 10, ina jiran ƙarshen Disamba in koma wurin Baba kamar yadda ya ce.